Kazar da Yahuza Ya Kife da Kwando

"Ni Gimbiyata, ko dutse ka sa mata a ƙarƙashi, in ta ga dama sai ta ƙyanƙyashe maka shi."

Mai wannan magana sunansa Yahuza, mai faci ne a bakin titin Indabo ta ƙasar Wudil. Mutumin kirki ne, wannan kam babu mai ja. Ba ya faɗa, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma in tayar babur ɗinka ta sace a hanya zai ajiye kwanon abincinsa ya liƙe maka ita. Aibinsa ɗaya ne tak: duk abin da ya shiga hannunsa sai bakinsa ya hura masa iska, kamar yadda yake hura wa tayoyi. Ya taɓa kama tarwaɗa a kogin Wudil. Ranar da ya kama ta, ba ta wuce tafin hannu ba. Shekara na zagayowa ta kai kamu biyu. A yanzu da nake ba ku labarin nan, an ce sai da aka nemo amalanke kafin a kai ta gida.

Bara, bayan an kai amfanin gona rumbu, Yahuza ya je kasuwar Wudil ranar Juma'a ya dawo da kwali cike da 'yan tsaki, irin waɗanda ake kira noila. Kaji ne da aka haɗa irinsu don su yi aiki biyu, zakarun su yi nama, matan su yi ƙwai, ga shi ba sa raina abinci. Mai sayarwar ya yi masa bayani tsakani da Allah. Ya ce a ba su ɗumi suna ƙanana, a yi musu rigakafi, a riƙa sauya musu ruwa, a rufe su in rana ta faɗi. Da zai miƙa masa kwalin ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya dai, maigida. Ƙwai kam za ku gaji da kwasa, amma ba su cika yin kwanci ba. In kana son 'yan tsaki, ka nemi kazar Hausa ka zuba mata."

Yahuza ya ji duka. Maganar farko ya kai wa matarsa Radiyya. Ta ƙarshen kuwa ya bar ta a kan gadar Wudil.

Radiyya ce ta yi aikin, kamar yadda aka saba. Ita ke share akurki, ita ke kwaɓa dusa, ita ke jiƙa ƙanzo ta yayyanka ganyen zogale a ciki. Allah kuma ya sa albarka. Kajin suka tashi ɓul-ɓul, wasu jajaye, wasu wake-wake, suna tafe suna rangaji saboda nauyi. Yaran gidan, waɗanda a da sai sun yi zazzaɓi ake soya musu ƙwai, suka wayi gari suna tafiya makaranta da shi a ciki. Da Sallah aka yanka zakara ɗaya ya cika tukunya, har aka zuba wa maƙwabta a kwano. Radiyya ba ta taɓa sunkuyawa ta ɗauki ƙwai ba tare da ta ce Alhamdu lillahi ba. Shi ma Yahuza yana godiya, ba a ce ba ya yi ba, sai dai tasa godiyar a teburin mai shayi yake yin ta, kuma kullum sai ta fi ta jiya tsawo.

A cikin kajin akwai wata ja, ƙatuwa, mai tsayayyen zanko, wadda ya raɗa wa suna Gimbiya. Akwai kuma wata da ba ya ko son a ambata. Wannan 'yar kazar Hausa ce, fingi, gashinta duk a tashe kamar wadda guguwa ta yi wasa da ita. Gwaggo Hansai ta Achika ce ta kawo wa Radiyya ita lokacin da ta haifi autarta Khairiyya. Ba ta da wani suna sai Fingi.

"Wannan ba kaza ba ce, tsohuwar tsintsiya ce," in ji Yahuza. "Ki bari a yanka ta, tana ɓata min tsari."

"Ko romo ba za ta yi ba, Baban Khairiyya. Bar ta ta ci arziki, kyautar Gwaggo ce."

To, maganar da Yahuza ya bari a kan gada sai ta biyo shi har gida. Gimbiya kusan kullum sai ta yi ƙwai, amma da ta sauke shi za ta yi kyarkyara ta sanar da unguwa, ta kama gabanta. Ya tara mata ƙwai a kusurwa ya ɗora ta a kai, ta sauka. Ya sake ɗora ta, ta sake sauka. Ya kife ta da kwando a kan ƙwan ya danne da dutse. Da ya buɗe, ya tarar ta fasa biyu, ta shanye ɗaya, tana kallonsa kamar tana jiran a ƙaro.

Ana cikin haka Fingi ta fara kwanci a bayan randa. Radiyya ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kwashe 'yan ƙwan Fingi, ta jera mata na Gimbiya a madadinsu. Fingi ba ta tambayi na wane ne ba. Ta baje ɗan jikinta har sai da ta rufe su duka, ta tsige gashin ƙirjinta don ɗumi ya ratsa su, ta lafe. Sau ɗaya take sauka a yini, ta sha ruwa, ta tsattsagi abin da ta samu, ta koma da gudu. Ta rame har ƙashin bayanta ya fito. Da kwanakin suka cika, sai ga 'yan tsaki manya-manya suna leƙowa ta ƙarƙashin fikafikanta.

Yahuza ya gani da idonsa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ransa fari ƙal. Da a nan ya tsaya, da labarin ya ƙare lafiya. Amma da yamma ta yi ya wanke ƙafa ya tafi teburin Nu'uman mai shayi, kuma a can ne ya saki maganar dutsen nan da kuka ji.

A wurin akwai Garzali, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya barin maganar Yahuza ta wuce ba tare da ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta ba.

"Noila ta yi kwanci?" in ji Garzali. "Ni fa na ji an ce ba sa yi."

"Na wasu ne ba sa yi. Kiwo hannu ne, yaro. Tawa ta yi ƙwai, ta yi nama, ta yi kwanci. Kai, ranar da za ta ƙyanƙyashe ma sai da na ji tana ƙirga su."

"Da Hausa ko da Turanci?"

Aka bushe da dariya, Nu'uman ya ƙara masa shayi, magana ta wuce a matsayin hira. Sai dai hirar teburin mai shayi ba ta kwana a tebur. Ta bi maza zuwa gidajensu, ta shiga bakin mata, ta zaga gidan suna, har ta isa kunnen Laraba.

Laraba matar marigayi Garba ce, yayan Yahuza. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, da kajin Hausa take riƙe da gidan. Ba su da yawa, ba su da girma, amma ba sa ƙarewa, domin wannan na sauka daga kwanci waccan na hawa. In takalmin yaro ya tsinke, ta kama ɗaya ta kai kasuwa. In zazzaɓi ya shigo, ta kama wata. Kafin a ankara wasu sun taso sun cike gurbin.

Wata safiya ta zo rumfar facin da mayafinta. Garzali na zaune a kan benci, da wasu masu babura biyu suna jiran aiki. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi gajiya, aka sake tambayar yara. Sannan ta ce, "Yahuza, wata magana na ji, na ce ba zan yarda ba sai daga bakinka. Da gaske ne kazarka ta zamani ita ta yi kwanci da kanta?"

Yahuza ya ajiye tayar da ke hannunsa. Ya dubi Laraba, ya dubi Garzali. Garzali ya harɗe ƙafa ya tallabe haɓa, yana murmushi.

"Yaya Laraba, ai abin ma ya wuce yadda aka gaya miki," in ji Yahuza.

"To, Alhamdu lillahi. Na yanke shawara. Juma'ar nan zan kwashe nawa gaba ɗaya in kai Wudil, in sayo irin naka. Kaza ɗaya ta yi ƙwai, ta yi nama, ta yi kwanci, me zan zauna yi da waɗannan 'yan firit ɗin? Ko marayun nan sa riƙa cin ƙwai kamar 'yan'uwansu."

"Duka za ki sayar?"

"Duka. In na rage, kuɗin ba zai kai ba."

Garzali ya ce, "Ai kafin nan ya kamata jama'a su ga abin al'ajabi. Ranar Alhamis bayan la'asar ka fito mana da Gimbiya da 'ya'yanta ƙofar gida, mu ma mu sa albarka."

"Ni ma zan zo," in ji Laraba. "In ga yadda take yi da su, in koya."

A ranar, Yahuza ya liƙe tayar wani a inda ba ta huje ba.

Da ya koma gida ya tarar labari ya riga shi. Radiyya ta ajiye masa tuwo, ta zauna a gefe, ta bari sai da ya kai loma ta uku.

"Baban Khairiyya, in Yaya Laraba ta sayar da kajinta, wa zai yi mata kwanci? Kai?"

"Haba, Radiyya."

"Tambaya na yi. Za ta ci ƙwai wata da watanni, ban musa ba. Ranar da ta yanka ta ƙarshe, ko ta sayar don magani, shi ke nan, akurki ya zama ɗakin ajiye itace. 'Ya'yan yayanka ne fa."

"Zan gaya mata. Bari dai a wuce Alhamis, kar Garzali ya samu abin yi da ni har in mutu. Ana watsewa sai in ja ta gefe."

"Ita kuma ta ga abu da idonta, sannan ka ce mata ba haka ba ne? Ni ba zan je in ce mijina ya yi ƙarya ba. Kai ka faɗa, kai za ka janye."

Kada a zalunci Yahuza, ya yi yunƙuri. Ranar Laraba da hantsi ya rufe rumfa ya tafi gidan Laraba, yana tafe yana shirya kalmomin a ransa. Ya yi sallama ya shiga. Tsakar gidan fes, ga wata baƙar kaza tana jan 'ya'yanta, ga wata a lafe cikin tsohuwar tukunya. A gefe kuwa ga keji an riga an ɗauko an wanke, yana jiran Juma'a.

Kafin ya buɗe baki Laraba ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta shiga zuba masa addu'a. "Allah ya yi maka albarka, Yahuza. Wani da ya samu hanyar arziki ɓoyewa zai yi. Kai kuwa ka tuna da 'ya'yan ɗan'uwanka. Allah ya jiƙan Garba, ya bar baya mai kyau."

Duk kalmomin da ya shirya suka narke. Mutum ya saba a yi masa dariya, amma ba kullum ake yi masa irin wannan godiya ba, kuma ta yi masa daɗi. Ya sha ruwa, ya ce amin, ya ce ai yi wa kai ne. Da zai fita har ya ji bakinsa yana cewa Gimbiya tana korar shirwa. Ya dawo rumfa yana jin kamar ya haɗiyi ƙusa.

Alhamis ta zo. Ana idar da sallar la'asar Yahuza ya shiga gida ya kama Fingi, tana ihu tana fizga. Ya kai ta bayan rumbu ya kife ta da kwandon nan dai da ya taɓa kife Gimbiya, ya ɗora dutse. Ya kwashe 'yan tsakin a kwali, ya saɓo Gimbiya a hammata, ya fita. Radiyya na bakin murhu tana gyaran zogale, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

A gindin darbejiyar ƙofar gida mutane sun taru fiye da yadda ya zata. Garzali ya gayyato har da waɗanda ba su san ana yi ba. Nu'uman ya bar teburinsa. Laraba na tsaye daga gefe da wasu dattijai mata biyu.

Yahuza ya sauke Gimbiya, ya juye 'yan tsakin kewaye da ita, ya ɗebi tsakin hatsi daga kwano ya watsa a ƙasa. "Ku kalli ikon Allah," in ji shi.

Aka kalla. Gimbiya ta sa kai ta hau cin tsakin ita kaɗai, ba kira ba tayi. Wani ɗan tsako ya matso kusa da bakinta, ta sakar masa sara a ka, ya wuntsila.

"Kai!" in ji Nu'uman.

"Tarbiyya ce," in ji Yahuza da sauri. "Ba ta son shagwaɓa."

"Lallai kam," in ji Garzali. "Irin tarbiyyar da aka rasa yi maka."

'Yan tsakin suka watse, kowanne ya miƙe wuya yana tsiwa, irin kukan da suke yi in sun rasa uwa. Yahuza na tattaro wannan, wancan na zillewa. Gumi ya jiƙa masa hula. Sai wata inuwa ta gilma a ƙasa. Kowa ya ɗaga kai. Shirwa ce, kukan ya jawo ta, tana shawagi tana saukowa a hankali. Gimbiya mai korar shirwa ta ɗaga ido ɗaya ta gan ta, ta kwasa da gudu tana rangaji, ta cusa kai ƙarƙashin bencin da Garzali ke zaune.

A daidai wannan lokacin ne, a cikin gida, Radiyya ta tuna cewa tana bukatar kwandonta don ta tsane zogale. Har gobe in an tambaye ta haka take cewa, kuma ni ban ga dalilin da zai sa in ƙaryata ta ba.

Ba ta ƙofa Fingi ta fito ba, ta yi mata nisa. Ta rariyar da ruwan wanke-wanke ke bi ta kurɗo, jikinta duk caɓi, gashin nan ya ƙara tashi. Ta yi ƙwat-ƙwat sau biyu. Kafin ka ƙifta ido, 'yan tsakin da Yahuza ya kasa tarawa da hannu biyu sun ɗunguma sun shige ƙarƙashinta, ko ɗaya bai rage ba. Ta baje fikafikai, ta karkace kai sama, ta saki wata ƙara da ba a san jikinta zai iya ɗauka ba. Shirwa ta yi zagaye ɗaya ta ga babu riba, ta wuce.

Ba a jin komai sai 'yan ƙananan muryoyi daga ƙarƙashin Fingi, na waɗanda hankalinsu ya kwanta.

Laraba ta tako a hankali. "Yahuza, wannan baƙuwar fa?"

Da wani ne, da nan ya sauke. Amma Yahuza Yahuza ne. Ya share gumi ya ce, "Au, wannan? Mai raino ce. Na ga aiki ya yi wa Gimbiya yawa, shi ne na ɗaukar mata 'yar aiki."

Garzali ya faɗo daga kan benci don dariya, Gimbiya ta fito a firgice. Laraba kuwa ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa, ta sa hannu ta ɗan ɗaga Fingi, ba ta damu da saran da take kai mata ba. Ta juya ƙirjinta yadda kowa zai gani. Fata ce zalla, babu gashi ko ɗaya.

"Mai raino ba ta tsige ƙirjinta," in ji ta. "Wannan ƙirjin shi ya kwanta a kan ƙwai. Waccan kuwa dubi nata, ko gashi ɗaya bai goce ba. Tun ba ka san hanyar kasuwa ba nake kwana da kaji, Yahuza, ni za ka yi wa haka?" Ta mayar da Fingi kan 'ya'yanta, ta miƙe ta dube shi. Muryarta ta sauka. "Da gobe war haka na sayar da masu riƙe min marayu."

Dariyar ta ɗauke. Yahuza ya cire hularsa yana murzawa. A karon farko tun da aka san shi, ya buɗe baki bai ƙara wa magana komai ba.

"Ƙarya na yi, Yaya. Ita ce ta yi kwancin. Ki yafe ni."

Laraba ta dube shi. Sannan ta sunkuya ta ɗebi ragowar tsakin da ke cikin kwanonsa, ta zuba a gaban Fingi. Fingi ba ta ci ba. Ta yi kira, 'ya'yan suka fito, ta riƙa ɗauka tana ajiye musu.

"Na yafe maka, albarkacin wannan baiwar Allah," in ji Laraba. "Kajina suna nan inda suke. Ka ce wa Radiyya ta tara min ƙwan Gimbiya, ina da mai kwanci a tukunya. Ita waccan ta yi abin da ta iya, tawa ta yi abin da ta iya." Ta gyara mayafi, ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo. "Tarwaɗar nan ma, Yahuza, ni na soya ta. A murfin kwano na kawo maka ita."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Allah ya ba Yahuza abin da ya isa a gode: kaji masu ƙwai da nama, mace mai kula da su, da 'yar kaza mai cike abin da suka gaza. Da ya faɗi alherin yadda yake, da ya ishe shi abin alfahari. Amma ya raina ƙaramar da ta yi wahala, ya ɗauki yabonta ya ba babbar don a ce nasa ya fi na kowa, har ƙaryar da ya ɗauka hira ce ta kusa rufe akurkin marayu. Mai karatu, in ka samu alheri, ka gode wa Allah, ka kuma ambaci wanda aka biyo ta hannunsa, komai ƙanƙantarsa da rashin kyan ganinsa. Kada ka ƙara wa magana abin da babu, domin ba ka san wanda zai ɗauke ta ya gina rayuwarsa a kai ba. Wanda kuma ka kife da kwando don kada a gan shi, wata rana ta rariya zai fito a gaban jama'a.